Sudan: Jagororin Da Suka Buɗe Wa Kowa Fagen Waƙa A Kartum Da Omdurman

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sarin lafaya ko turaren wuta daga Sudan, da wuya a ce bai saurari waƙoƙin ƙasar ba. Sai dai ba kowa ne ya san cewa 'yar gida ce ta fara buɗe wa mata ƙofar gidan rediyon ƙasar ba.

Ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar aikin Hajji ta kai su Sudan, mahaifinta kuma malamin allo ne. A wancan zamani, tsohon salon waƙar Omdurman da ake kira haƙiba, tafe yake da zabiya da 'yan amshi masu tafi, kamar dai yadda makaɗanmu ke yi, amma fagen na maza ne. Mace kuwa iyakarta gidan biki. Duk da tsangwamar da ta sha, a shekarar 1942 A'isha ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Omdurman, 'yar uwarta Jidawiyya na kaɗa mata garayar Larabawa. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta kuma rasu a 1974.

Hanyar da ta share ce 'yan baya suka bi. A 1969 aka kafa makarantar koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo a Kartum. A 1971 wasu 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, jinin Nubiyawan arewacin ƙasar, suka fito da sunan Balabil, inda mawaƙi Bashir Abbas ke tsara masu kiɗa. Sai kuma ƙungiyar Igdal Jalad da Usman Annau ya jagoranci kafawa a 1984, wadda ta jera maza da mata a sahu ɗaya suna waƙe halin da talaka ke ciki.

Bayan juyin mulkin 1989 al'amura sun yi tsanani, dokokin da aka kafa suka takura wa mawaƙa, musamman mata, har fitaccen mawaƙi Muhammad Wardi ya yi gudun hijira. Amma a cikin wannan yanayi ne 'yan kudancin ƙasar da yaƙi ya koro zuwa Kartum suka kafa ƙungiyar Kwoto a 1994, suna waƙa da wasan kwaikwayo da harsunansu. Daga baya Dakta Safi Mahdi ya yi suna da ayarin ɗaliban makarantar kiɗan nan, samari da 'yan mata, masu rera waƙoƙin sassan ƙasar da murya ɗaya. Hikimar a fili take: a sahun amshi, murya ake dubawa, ba a tambayar asali.

To, sai ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF. Unguwar Alshajara da ke kudancin Kartum, a gaɓar Farin Nilu, ta zama fagen daga saboda barikin tankokin yaƙi da ke cikinta. Gidan rediyon Omdurman, ma'ajiyar tsofaffin muryoyin ƙasar, ya shafe kusan shekara guda a hannun RSF kafin sojoji su ƙwato shi a watan Maris na 2024. Mawaƙa da dama sun watsu zuwa Alƙahira da Kamfala da Nairobi.

Mawaƙi ɗaya na iya ci gaba da sana'arsa a ko'ina ya samu kansa, amma ayarin amshi sai an taru, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sake haɗa waɗannan muryoyi shi ne jan aikin da ke gaban jagororin waƙar Sudan. Allah Ya zaunar da ƙasar lafiya, amin.