Listo: Kalmar Sifaniyanci Mai Fuska Biyu

Duk mai koyon Sifaniyanci, harshen da kusan mutum miliyan 500 suka tashi da shi a baki, wanda kuma ake mulki da shi daga Sifen zuwa Meziko har Ikwatoriyal Gini a nan Afirka, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da kalmar listo. Tana bakin mai abinci, tana bakin direba, tana bakin malamin aji. Shawarata ga ɗalibi ita ce kada ya haddace ta ita kaɗai, domin ma'anarta tana hannun aikatau ɗin da ya rako ta.

Aikatau biyu ne ke rakiyarta, ser da estar. Na farko, mai fitowa da siffar es ko soy, yana faɗin halin mutum ko asalinsa, na biyu kuma, mai fitowa da está ko estoy, yanayin da yake ciki. Idan malami ya ce wa uba "tu hijo es listo", yabo ne, wato ɗanka yana da kaifin basira. Idan uwa ta leƙo daga ɗakin girki ta ce "la comida está lista", abinci ya sauka ke nan, kowa ya wanke hannu. A wajen jinsi kuwa Bahaushe ya samu sauƙi: yadda muke cewa fari, fara, farare, haka suke cewa listo ga namiji, lista ga mace, listos da listas ga jam'i.

Wani zai ce ai yanayin magana zai fayyace komai. Sau da yawa haka ne, amma kuskuren yana zubar da mutunci. Direba yana jira a ƙofar gida, baƙo ya fito da jakarsa ya ce "soy listo" maimakon "estoy listo". Yana nufin ya shirya, sai ga shi ya yabi kansa da wayo. Wayon nan kuma ba kullum yake zama abin alfahari ba. Wanda dabararsa ta wuce gona da iri, mai neman ci da gumin wasu, shi ake jifa da "pasarse de listo", kuma a Sifen idan an kira mutum listillo, an raina shi ne.

Wani kuma zai kawo dokar da ake yawan koyarwa, cewa ser na abin dindindin ne, estar na abin wucin gadi. Dokar tana taimako, amma ba ta kai mutum gida, domin mamaci ma "está muerto" ake ce masa, alhali ba mai dawowa ba ne. Saboda haka jimla sukutum ya kamata a riƙe, tare da wurin da ake faɗinta da kuma mai faɗinta. Ɗalibin da ya bi wannan hanya, ranar da ɗan Kolombiya ya rufe ciniki da "¡listo!" ita kaɗai, zai gane cewa "to, shi ke nan" aka ce masa.