Me Ke Sa Na'urar Wasan Bidiyo Ta Yi Kasuwa?

A shekarar 1989 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy, wadda allonta ba shi da launi. Bayan shekara guda sai kamfanin Sega ya fito da tasa, Game Gear, mai allo mai launi da haske. Duk wanda ya jera su zai ɗauka ta biyun ce za ta kwashe kasuwa, amma ba haka aka yi ba. Game Gear takan shanye batir 6 cikin 'yan sa'o'i, alhali batir 4 kan ɗauki Game Boy lokaci mai tsawo. Ga ta da araha, ga kuma wasan Tetris da aka haɗa a kwalinta a Amurka. An sayar da Game Boy da magajiyarta, Game Boy Color, fiye da miliyan 118.

Wannan ya nuna cewa ƙarfin na'ura kaɗai ba ya sayar da ita, ko da yake ƙarfin yana da nasa muhimmancin. Tun a 1965 masani Gordon Moore ya lura cewa yawan taransista, wato ƙananan makunnan lantarki da ake cusawa cikin ƙwaƙwalwar na'ura, yana ninkuwa a kai a kai. Shi ya sa kusan duk bayan shekara 6 ko 7 kamfanoni kan fito da sabuwar na'ura mai hoto mafi kyau da sauri.

To, amma me ke sa mai wasa ya rabu da tsohuwar na'urarsa alhali lafiyarta ƙalau? Mafi yawan lokaci wasannin ne. Da zarar masu ƙirƙirar wasa sun koma kan sabuwar na'ura, sai tsohuwar ta daina samun sabon abu. Abokan da ake wasa da su ta intanet su ma sai su ƙaura, mutum ya ga an bar shi shi kaɗai. Nan ne lamarin ke zama tamkar kasuwar ƙauye: 'yan kasuwa suna zuwa inda masu saye suke, masu saye kuma suna bin inda kaya suke. Na'urar da ta fara tara jama'a, da wuya a kamo ta.

An ga haka ƙarara a tsakiyar shekarun 1990. Nintendo 64 ta tsaya kan kaset mai tsadar ƙerawa, wanda mafi girmansa ba ya ɗaukar fiye da megabait 64. PlayStation ta kamfanin Sony kuwa ta zaɓi faifan CD mai araha, mai ɗaukar kusan megabait 650. Sai kamfanin Square ya kai wasansa Final Fantasy VII kan PlayStation a 1997, 'yan wasa suka bi shi. PlayStation ta haura miliyan 100, Nintendo 64 ta tsaya a wajen miliyan 33.

Saboda tara jama'ar nan ne kamfani kan yarda ya sayar da na'ura a kan asara, kamar yadda Sony ya yi da PlayStation 3 a 2006, don ya mayar da kuɗinsa daga kason da yake karɓa a kan kowane wasa. Ita kuwa PlayStation 2 ta 2000 ta zo da gyara biyu: tana kunna finafinan DVD, tana kuma karɓar tsofaffin faifan wasa, don haka mai saye bai yi asarar abin da ya tara ba. Ta wuce miliyan 155.

Nintendo ya sake gwada dabararsa a 2006 da Wii, wadda ba ta kai abokan gasarta ƙarfi ba, amma abin sarrafa ta yana bin motsin hannu, har dattawa suka shiga wasa. Ta haura miliyan 100. Magajiyarta, Wii U ta 2012, ba ta kai miliyan 14 ba. Sunan ya sa mutane da dama sun zaci wani ƙarin kayan haɗi ne na Wii ɗin da suke da ita a gida.