Ko Kun Sani? Man Birki Yana Shan Ruwa

Yawancin baburan da ke ɗaukar kaya da fasinja tsakanin Anka, Bukkuyum da Gummi, kamar Bajaj Boxer, birkinsu yana ɓoye ne a cikin kwanon taya, waya ko sandar ƙarfe ke ja. Masu birkin faifai kuwa da mai suke aiki: fistin yana tura takalman birki biyu su matse faifan.

Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska. In ruwa ya taru a ciki, man yakan tafasa da wuri idan birki ya ɗau zafi, hannun birkin ya yi laushi. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canja shi duk shekara 2. Da damina, taɓon hanyoyin bakin Gulbin Zamfara yakan maƙale a fistin har ya yi tsatsa ya ƙi komawa.

Wasu kanikawa suna wanke wurin da fetur. Ganganci ne, domin fetur da baƙin mai suna kumbura robar da ke hana man zuba. Ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori sun isa.