Fitilar gobe: ina aka kwana kan sinadarin ferobiskit?

 A Gure da ƙauyukanmu, tocila da fitilar sola sun kori fitilar kananzir. Ɗan ƙwan da ke cikinsu ana ce masa LED. Duk mai sayen pil ya san damuwar: yaya za a samu haske mai yawa da wuta kaɗan, yara su yi bitar lakkol ba a mutu a duhu ba?

To, masana na gwajin wani sinadari mai suna ferobiskit. Sunan ya fito daga wani dutse da aka gano a tsaunukan Ural na Rasha a 1839. Shi LED na yanzu sai an gasa shi a zafi wajen digiri 1000. Shi kuwa ferobiskit narka shi ake yi, a shafa bisa gilashi kamar fenti, don haka ake sa ran zai yi araha.

A 2014 masanan jami'ar Kambirij a Ingila suka sa shi ya yi haske, amma cikin ƙwayoyin lantarki 100 da suka shiga, ko ɗaya cikakke bai fito a matsayin haske ba. A 2018 masana a ƙasar Sin suka haura 20 cikin 100. Ta yaya? Sinadarin yana da ƴan ramuka da ke shanye wuta ta koma zafi, kamar tulu mai yoyo. Sai suka zuba wasu sinadarai suka toshe ramukan, suka kuma gyara shimfiɗar don hasken ya samu hanyar fita.

Amma fa da sauran aiki. Zafi da damshi suna lalata shi da wuri, ku kuwa kun san zafin Afrilu a Munio. Akwai dalma a cikinsa, wadda guba ce. Launin shuɗi, wanda farin haske ke buƙata, shi ya fi wuya.

Saboda haka fitilar ferobiskit ba ta shigo kasuwa ba tukuna. In wani ya tallata muku ita, ku riƙe kuɗinku. Masu aiko da fitila gida, ku zaɓi LED mai garanti da batir mai kyau. Allah ya kai mu lokacin.