Zaman Unguwar Bayan Gari A Arewacin Ingila

A arewacin ƙasar Ingila akwai wani babban birni, sunansa Mancesta. In mutum ya tashi daga tsakiyar birnin ya nufi kudu, ya yi tafiyar kamar mil 5, sai ya iso wata unguwa da a ke kira Didsbury, a bakin wani kogi wai shi Mersey. Abin da zai fara lura da shi a can shi ne shiru. Ga gidaje jere, ga motoci a ƙofar gida, amma da rana tsaka sai ya bi layi tun daga wannan kai har wancan bai gamu da mutum uku ba. Ba ya jin daka, ba ya jin talla, ba ya jin carar zakara, sai dai kukan tsuntsaye. To, yara, bari mu duba mu ga abin da ya kawo wannan shiru, da yadda mutane su ke zaune a cikinsa.

Shekaru 200 da suka wuce, Didsbury ƙauye ne na manoma. A zamanin nan ne Mancesta ta cika da masaƙu masu aiki da inji, har ta yi suna ko'ina a duniya wajen cinikin auduga da yadi. Daga baya ma har audugar Zariya da ta Funtuwa a kan kai wa masaƙun wannan yanki. Amma fa da kwal a ke hura wutar injunan, sabo da haka baƙin hayaƙi ya rufe birnin, mutane kuma suka yi ta fama da tari. Attajirai suka ga zaman ba daɗi, sai suka fita bayan gari suka gina gidaje. Da yawansu suka zaɓi kudu, domin a Ingila iska ta fi busowa daga kudu maso yamma, ta kwashi hayaƙi ta yi arewa maso gabas da shi.

A 1880 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Didsbury. Daga nan ba attajirai kaɗai ba, har akawuna da malaman makaranta suka sami damar kwana a bayan gari, su sammako aiki cikin birni. A 1904 aka haɗa unguwar da Mancesta. An rufe tashar a 1967, amma a 2013 aka sa ƙananan jiragen lantarki bisa tsohuwar hanyar. Wannan shi ne dalili na fari da ya sa unguwar ta ke shiru: wurin aiki dabam, wurin kwana dabam.

Galibin gidajen da jan bulo aka gina su, kuma benaye ne. Da yawa tagwaye ne, watau gida biyu manne da juna, bango ɗaya ya raba su. A ƙasa akwai ɗakin zama da ɗakin girki, ɗakunan kwana kuwa suna sama. Rufin yana da gangare don ruwa ya riƙa zubewa, gama ba su da rani da damina kamar yadda muka sani. Ko wane wata ruwa yana iya sauka. Ko wane gida yana da ɗan lambu a gaba, da wani a baya, inda a ke shuka furanni da ciyawa. Mutanen gidan kuwa ba su da yawa: miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku, wani gidan ma mutum ɗaya tak.

Dalili na biyu shi ne sanyi. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma kuwa ta faɗi. Wa zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya yi hira cikin wannan hali? Kowa sai ya shige ya rufe ƙofa. A cikin gida akwai wata tukunya da ke dafa ruwa da iskar gas, ruwan ya bi bututu ya zaga ɗaki ɗaki yana ɗumama su. Amma a watan Yuni sai al'amari ya juye, rana ta kai har bayan ƙarfe 9 da rabi na dare ba ta faɗi ba. Sa'an nan ne za ka ga mutane a lambu suna yankan ciyawa, suna gaisawa ta kan shinge.

Dalili na uku shi ne doka. Daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, wanda ya dami maƙwabtansa da kiɗa ko hayaniya ana iya kai ƙararsa wurin hukumar gari. Sai a gargaɗe shi, in bai bari ba a ci shi tara. Hukumar nan ita ce ke karɓar harajin gidaje, ta gyara titi, ta kunna fitilu, ta kwashe shara. A Mancesta ana ba gida mazubin shara har iri 4, ko wanne da launinsa: na takarda, da na kwalabe da gwangwanaye, da na ganyaye da ragowar abinci, da na sauran datti. Ranar kwasa kowa ya tura nasa bakin titi.

Yara fa? Tilas ne yaro ya kasance a makaranta in ya shekara 5. Su kan shiga wajen ƙarfe 9, su tashi bayan ƙarfe 3. Ba su cika wasa a titi ba sabo da motoci, sai a lambu ko a filin shaƙatawa. Akwai wani fili mai kyau a Didsbury, wanda wani dattijo mai suna Fletcher Moss ya ba birnin kyauta a 1915. A wani gida cikin filin nan ne wata mace, Emily Williamson, ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a 1889, don ta ga ana kashe su ana ƙawata hulunan mata da gashinsu. A 1921 aka yi dokar hana shigo da irin gashin nan Ingila. Yau ƙungiyar tana da mutane fiye da miliyan 1. Kun ga ashe babban aiki yana iya fitowa daga unguwa mai shiru.

Amma ko wane allazi da nasa amanu. Gidajen Didsbury suna cikin mafi tsada a Mancesta, har saurayin da ya tashi a can sau da yawa ba ya iya sayen gida kusa da iyayensa. In 'ya'ya suka watse, sai tsohuwa ta rage ita kaɗai. Ga shi kuma a al'adarsu ba a faɗa wa mutum gida haka kawai, sai an yi alkawari. Don haka tana iya wuni ba wanda ya ce mata sannu. Abin ya dami ƙasar, har a 2018 gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa wata minista aikin yaƙi da kaɗaici. Mutanen kirki kuwa ba su jira gwamnati. Su kan ƙwanƙwasa ƙofar tsofaffi, su yi musu cefane.

To, yara, tsabta da kiyaye hakkin maƙwabci abin koyi ne. Amma ku tuna, hana maƙwabci barci laifi ne, mantawa da shi kuma laifi ne. Zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka.

Tambayoyi

1. Me ya sa attajiran Mancesta suka fita bayan gari?
2. Don me da yawansu suka zaɓi kudu?
3. Kawo dalilai 3 da suka sa Didsbury ta ke shiru.
4. Wane aiki Emily Williamson ta yi a 1889?
5. Mene ne amfanin zama a irin wannan unguwa, mene ne kuma aibinsa?