Tsohon Inji, Sabon Numfashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen titi tirela ta ɗauko hawa da lodi, ya san fiton nan da ke tashi daga ƙarƙashin kanta. Turbo ke nan. Yau za mu leƙa garejojin Amurka, inda wasu kanikawa ke ɗaura wannan na'ura a kan injin da ya girme ta a mota da shekara talatin.

A 1932 kamfanin Ford ya fito da inji mai silinda 8 da talaka zai iya saye, ƙarfin doki 65. Aka yi ta ƙera shi a Amurka har 1953, lokacin ya kai doki 110. Ana ce masa mai shafaffen kai, domin in ka kwance kansa, faifan ƙarfe kawai za ka ɗaga, ba komai a jiki sai ramukan fulogi da hanyar ruwa. Bawul-bawul ɗin duk suna cikin gangar injin, a gefen silinda. Wanda ya taɓa buɗe tsohon injin ban-ruwa irin na da, ya ga ƙaninsa.

To wannan sauƙin ƙira shi ne ciwonsa. Iska da fetur ba sa faɗawa kan fistin kai tsaye. Sai sun hau, sun yi kwana, sun gangara, kamar mai shiga gida ta zaure uku. Injin ba ya shaƙa ya ƙoshi. Matsinsa ma kaɗan ne: na farko kashi 5.5 ne, alhali motar yau tana kai 10 ko fiye. In bakanike ya ce bari ya kankare kan don matsi ya ƙaru, sai ya ƙara ƙuntata hanyar iskar. Gaba kura, baya sayaki.

A nan turbo ke da magana. Hayaƙin salansa ne ke juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta, wadda ke ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya. Injin da ba ya iya shaƙa da kansa, an samo mai yi masa ɗura. Kuma ƙarancin matsin nan da ake yi masa gori, shi ne ya ba shi wurin karɓa ba tare da fetur ya riƙa fashewa kafin lokaci ba. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905, amma ba ta shiga ƙananan motocin kasuwa ba sai 1962.

Sai dai fa, masu sauraro, kada mu yi saurin tafi. Zafi ne babban abokin gabar wannan inji tun yana sabo. Hayaƙinsa ta cikin gangar yake ratsawa, ta tsakiyar ruwan da ke sanyaya shi, kafin ya fita. Kowane ɓangare silinda huɗu ne, amma ƙofar hayaƙi uku, na tsakiya biyun ƙofa ɗaya suke rabawa. Ga famfon ruwa har biyu, duk da haka lagireto kan tafasa. Yanzu ka zo ka tare bakin wannan hayaƙi da farfela. Zafin da ya kamata ya fice sai ya daɗe a ciki. Shi ya sa mai sayen tsohuwar ganga yakan wanke ta tas, ya duƙa da tocila yana bin tsakanin mazaunin bawul da bakin silinda, yana neman tsaga mai sirantar gashi. In ya gan ta, ciniki ya watse.

Ga kuma karanshaf, wanda wuri uku kacal ya dogara a kai, alhali injunan da suka biyo bayansa biyar ne. Don haka masu hankali ba sa cika hannu. Iskar da suke ɗurawa galibi ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wadda mai faci ke sa wa tayar mota ba. Su ja taimin baya kaɗan, su ƙara wa kafireta fetur, su jawo wa turbon bututun baƙin mai, su sa babban lagireto.

Yawancin masu harkar ma ba turbo suke zaɓa ba. Sun fi son na'urar ɗura iska da bel ke ja, irin wadda kamfanin McCulloch ya fara sayar wa masu Ford tun 1937, don ita ba ruwanta da hayaƙi. A ganina sun fi gaskiya. Amma mai turbo ma na san abin da ke jansa. Da gudu kawai yake so, da kuɗin da ya kashe ya sayi injin zamani ya huta. Shi so yake ya ga iyakar abin da tsohon zai iya.

Ana gwada wannan iyaka a filin gishirin Bonneville da ke jihar Yuta, inda har yau masu shafaffen kai ke da rukuninsu a gasar gudu. Da sassafe ake tura motar kan farin fili, a tayar da ita. Direba na sanye da hular kwano, ido ɗaya a kan hanyar da aka shata masa, ɗayan a kan allurar zafi.