Sawun iskar da ke haihuwar taurari

In dare ya yi a Gidan Amumune, lokacin ɗari, sama takan cika da taurari. Ga Kaza da ƴaƴanta, ga kuma wata farar hanya ta ratsa sama kamar an zubar da gari. Hanyar nan taurari ce, masu yawan gaske. Da su da rana duk garke ɗaya ne. Masana suna ce wa irin wannan garke galaksi. Can nesa akwai waɗansu garkunan, ba su ƙidayuwa.

Daga iska ake samun tauraro. Cikin garkuna da yawa akwai manyan gizagizai na wata iska mai suna idrojen. Sanyinsu ya kai digiri 260 ƙasa da sifili. In iskar ta taru ta dunƙule, sai ta yi zafi, ta kama haske. Sabon tauraro ke nan. Garken da iskarsa ta ƙare ya bar haihuwa.

Amma idrojen mai sanyi ba ya ba da haske. Ko da madubin hangen nesa ba a ganinsa. To, ƙaƙa ake nemansa?

Mahalbi in bai ga barewa ba, sawunta yake bi. Masana ma haka. Tare da idrojen akwai wata iska da ake rubuta sunanta CO. Ita ce iskar nan da gawayi ke fitarwa, wadda ke kashe mai barci in an rufe ɗaki da wuta a ciki. Can sama kuwa amfani gare ta, don tana aiko da saƙon rediyo. Kamar yadda Muryar Sahel ke da zangonta, ita ma tana da nata. Tsawonsa milimita 2,6 ne, kamar ƙwayar hatsi.

A 1970 mutum uku a Amurka, Wilson da Jefferts da Penzias, suka fara kama saƙon cikin garkenmu. A 1975 aka kama shi daga waɗansu garkuna.

Da manyan farantai ake saurarensa, masu kama da farantin telebijin. A ƙasar Cili, cikin hamadar Atakama, akwai 66 masu aiki tare. Sunansu ALMA. An kafa su bisa tudu mai tsawon mita 5000, inda babu laima, gama tururin ruwa yana shanye saƙon.

Aikin yana son haƙuri. Sararin sama yana ta buɗewa, saboda haka saƙon da ya yi doguwar tafiya yakan miƙe a hanya, zangonsa ya sake. Tilas mai nema ya yi ta juya kan na'ura har ya dace da shi. Wani saƙon ya fi shekara miliyar 10 yana tafe. Tun ba a yi duniyar nan ba ya taso. Da aka karanta shi, sai aka tarar garkunan wancan zamani sun fi na yanzu iska nesa ba kusa ba, kuma sun fi su haihuwar taurari.